Ɗakin da Aka Ba Inna

Yayana yana iya hango tsagar da ba ta kai silin gashi ba a jikin sulen da ya shekara dubu biyu a cikin ƙasa. Amma mahaifiyarsa ta yi wata biyar tana ramewa a gabansa, bai gani ba. Ni ba marubuciya ba ce, labule nake ɗinkawa a wani shago da ke bakin titi. Abin ne ya tsaya mini a rai, kuma na gaji da masu ce mini in yi haƙuri. Na yi haƙurin, na ga inda ya kai mu.

Yaya injiniya ne, yana da rufin asiri, ba ya shaye-shaye, ba ya yawon banza. Jarabarsa ɗaya ce, tara tsofaffin sulalla na mutanen da, yawancinsu na tagulla, masu kawunan sarakunan da jikokin jikokinsu ma sun daɗe da zama ƙasa. Kuma ba kowane sule yake saye ba. Akwai wasu manyan littattafai da masana suka rubuta, suka jera hotunan sulalla shafi-shafi, kowanne da lambarsa. To shi Yaya sulen da aka ɗauki hotonsa aka sa a littafin yake nema. Ba irinsa ba, ba ɗan'uwansa ba, shi ɗin dai da kansa. "Masu hoto" yake kiransu. Ranar da ya samo ɗaya a gwanjo ba mai sakat a gidan. Sai ya sa farar safar hannu, ya buɗe littafi, ya ajiye sulen a gefen hoton, ya miƙo maka gilashin ƙara girma.

"Auta, duba nan. Kin ga 'yar tsagar nan a ƙarƙashin haɓar sarkin? To duba hoton. Ga ta nan! Ga kuma inda gefen ya ɗan lotsa. Shi ne, wallahi shi ne. Lamba ɗari biyu da goma sha huɗu. Duk duniya in ana son a san kamannin wannan sarki, hoton nan ake dubawa, ga kuma mai hoton a gidanmu."

Inna ta leƙa ta ce, "Ikon Allah. Kuɗin da ba ya sayen ko gishiri." Mu kwashe da dariya, har shi. A lokacin abin dariya ne. Ni da hannuna na yanka masa jan karammiskin da ya shimfiɗa a farantan katakon da yake jera su, faranti ashirin da huɗu masu zaruwa daga cikin wani kabad. Kowane sule da raminsa, a ƙarƙashinsa kuma wata 'yar tsohuwar takarda mai ɗauke da rubutun waɗanda suka mallake shi kafin Yaya.

Wata safiya ya ga wani ɗigon kore a jikin ɗaya daga cikinsu, bai kai kan allura ba. Kai ka ce mutuwa aka yi. Ya ƙi cin abinci. Ya tara mu yana bayani, wai cutar tagulla ce, tana kwance a cikin kowane tsohon sule tana barci, danshi ne ke tashinta. In ta tashi sai ta riƙa cin ƙarfen tana mai da shi koren gari, har fuskar ta ɓace. In fuska ta ɓace kuwa, sule ya daina kama da hotonsa, to ya tashi daga mai hoto ya koma ƙarfen banza.

Ya sayo wani ɗan abu mai kama da agogon tebur, mai nuna yawan danshin da ke cikin iska. Agogon danshi muke ce masa. Ya ce doka ita ce kada ya wuce arba'in. Ya riƙa bin ɗakunan gidan da shi kamar mai neman aljani. Ɗakinsa sittin. Falo hamsin da biyar. Da ya shiga ɗakin Inna, mai tagogi biyu da rana ke faɗowa ciki tun da safe, ɗakin da mahaifinmu ya gina mata saboda ta daɗe tana fama da ƙirji, sai agogo ya sauka talatin da takwas.

Ina wurin ranar da ya durƙusa a gabanta.

"Inna, alfarma nake nema. Na ɗan lokaci ne. Ki koma ɗakin baya zuwa in gyara musu wani wuri. Wata ɗaya ya yi yawa."

"Ɗakin baya na tarkace?" in ji ni.

"An share shi, Auta. Ai ɗaki ɗaki ne. Akwai ma taga."

Inna ta dube shi, ta dube ni, ta ce, "Haba, don wannan har sai ka durƙusa? Gidan ai naka ne."

Na yi shiru. Wannan shirun yana cikin abubuwan da ba zan yafe wa kaina ba.

Ɗakin baya yana bayan kicin. Bangonsa ɗaya na banɗaki ne, akwai bututun da ke tsiyaya a cikinsa shekara da shekaru. Ɗayan bangon kuma kwatar maƙwabta ce ke bi ta gindinsa. Tagar da Yaya yake taƙama da ita ba ta fi faifai ba, kuma katangar maƙwabta take kallo. In ka dafa bangon sai tafin hannunka ya jiƙe. A nan aka sa gadon Inna, a jikin bangon banɗakin, don nan ne kaɗai zai shiga.

Ɗakinta kuwa ya koma sai ka ce asibitin masu hali. An sake fenti, an toshe tagogi, an kawo wani inji mai tsotse danshi daga iska yana tara ruwan a cikin wata 'yar roba. Sau biyu a rana sai an zubar da ruwan, in ba haka ba injin ya tsaya. Yaya yana wurin aiki, matarsa, wadda muke kira Anti, tana koyarwa a makaranta. To wa ya rage a gida? Inna. Ita aka ba wa makulli. Safe da yamma za ta dafa bango ta je tsohon ɗakinta, ta zaro robar, ta kai ta zubar, ta mayar, ta kulle, ta koma cikin danshinta. Wata rana ta ce mini, tana murmushi, "In na shiga nakan ɗan tsaya in ja numfashi. Iskar wurin da daɗi."

Wata ɗaya ya wuce. Tari ya fara, irin mai fita daga can ƙasan ƙirji. Wata na biyu fumfuna ta hau takalmanta da bayan akwatinta. Kayan sawarta suka ɗauki wani wari da sabulu ba ya fitarwa. Na ɗinka labule mai kauri na rataya a jikin bangon, cikin kwana goma ya yi baƙi ya yi nauyi kamar an tsamo shi daga rijiya. Kullum kafin in buɗe shago sai na biyo da ruwan zafi a filas, in same ta zaune a jingine da filo uku, don ta daina iya kwanciya sosai.

Na ce ta zo gidana. Maigidana ma, wanda direban motar haya ne, ya zo da kansa ya roƙe ta. Amma mu a hawa na huɗu muke, ciki ɗaya da falo, ga matakala, ga gwiwoyinta. Ta ce, "Ina da ɗa namiji a raye in tare a gidan suruki? Me za a ce da yayanki? A gidan ubanku zan zauna." Ko a lokacin mutuncinsa take karewa.

Na sami Anti a kicin.

"Anti, ba kya jin tarin nan?"

"Ina ji mana. Har barci yake hana ni."

"To ki yi masa magana."

Ta ci gaba da goge tukunya, ba ta ko ɗago ba. "Auta, ni ba na shiga tsakanin ɗa da uwa. In na yi magana a ce na raba su, in na yi shiru a ce ban damu ba. Gara in yi shirun."

Shi kuwa Yaya, kada ku ɗauka ba ya gaishe ta. Yana gaishe ta. Kullum da safe zai tsaya a bakin ƙofar, jaka a hannu, ya ce, "Inna, an tashi lafiya? An sha magani?" Ta ce lafiya lau. Ya ce madalla, ya wuce. Ƙafarsa ba ta taɓa tsallake dokin ƙofar nan ba. Magani kam yana saye, mai tsada ma, wannan ba zan yi masa ƙarya ba.

A wata na uku na karɓi makulli a hannun Inna, na ɗauko agogon danshi na ajiye shi a kan filonta. Allurar ta riƙa hawa ina kallo, har ta tsaya a tamanin da takwas. Da ya dawo na tare shi a tsakar gida na nuna masa.

Idonsa ya yi ja. "Wa ya ce ki fito da shi? Awa nawa ɗakin ya yi ba agogo?"

"Tamanin da takwas, Yaya! A inda uwarka take kwana!"

"Ki rage murya. Ke ba ki san abin nan ba. Jikin mutum yana jure danshi, ai mu ma rabinmu ruwa ne. Tagulla ce ba ta jurewa. Inna tana da magani, su fa? In suka lalace sun lalace ke nan har abada."

"Ita in ta lalace akwai wata a gwanjo?"

Ya nuna ni da yatsa. "Auta, ni ba sa'anki ba ne. Na ce zan kira mai gyaran famfo. Ina sane."

Daga cikin ɗaki Inna ta ɗaga murya da ƙyar, "Ke Auta, bar yayanki ya huta, daga aiki yake."

Mai gyaran famfo bai zo ba. Yau an ce ya yi tafiya, gobe an ce ba shi da gaskiya a nemo wani, jibi an ce fasa bango zai tada ƙura, ƙura kuma ba ta yi wa sulalla kyau.

A wata na huɗu numfashinta ya sarƙe da rana tsaka, maƙwabciya ta kira ni a waya, muka kwashe ta sai asibiti. Kwananta tara. Likitar, wata dattijuwa mai tabarau, ta tambayi inda Inna take kwana. Na faɗa mata komai, Yaya yana tsaye yana hararata. Ta cire tabarau ta dube shi.

"Ciwon nan yana kwance a huhunta tuntuni, danshi ne ya tashe shi. In ta koma ɗakin nan, ba na jin za ku sake kawo mini ita da ƙafarta."

Na ce a raina, ai kuwa ya san wannan karatun, shi ya fara koya mana shi. Ya sunkuyar da kai ya ce in Allah ya yarda za a canza. Na yi murna, wawiya da ni.

Ranar da aka sallame ta, mota ta tsaya, na kama ta muka nufi tsohon ɗakinta. Yaya ya sha gabanmu.

"Mako biyu kawai. Akwai wani farfesa da zai zo, shi ke sake buga littafin. Zai ɗauki sababbin hotunan guda goma sha ɗaya daga cikin nawa, kuma za a rubuta sunana a ƙarƙashinsu. Shekara shida ina jiran wannan. Yana tafiya zan kwashe su, na rantse."

"A sa ta a falo to."

"A falo zan sauki baƙon. Ya zo ya ga gado da fo?"

"A ɗakinku fa?"

Anti ta ce ita dai bayanta ba ya son katifar ƙasa.

Inna ta dafa hannuna. "Mako biyu ai kamar gobe ne. Mu je."

Farfesan bai zo ba sai bayan mako biyar. Wani dogon tsoho ne mai ladabi, ya wuni yana haska fitila a kan sulalla yana jinjina kai. Ina kawo musu shayi tarin Inna ya taso daga baya, ya ƙi tsayawa. Tsohon ya ɗago ya ce, "Wani ba shi da lafiya ne?" Yaya ya ce, "Mahaifiyata ce, ɗan sanyi ne, tana samun sauƙi." Ya tashi a hankali ya turo ƙofar da ke tsakanin falo da baya. Na ji ƙarar rufewar ƙofar nan har cikin haƙorana.

Da baƙon ya tafi na ciro hoton Inna da ke rataye a falo, wanda aka ɗauka bara, kumatunta cike, tana dariya. Na ɗauki Inna wani hoton a wayata a ranar. Na kai wa Yaya su biyun, yana zaune yana mai da sulalla ramukansu.

"Kai gwanin gwada abu da hotonsa ne. Gwada mini waɗannan."

Ya ɗan kalla ta gefen ido. "Hasken ɗakin ne ba kyau. Kuma tsufa ne, Auta, kowa zai je."

"Baƙo ya tafi. Yaushe za a kwashe?"

"Ya ce wataƙila ya dawo ya sake ɗaukar guda biyu. Kada a motsa su tukuna."

Bayan kwana goma sha biyu na zo da safe da filas ɗina. Na same ta a jingine, leɓunanta sun canza launi, ƙirjin yana wani kuka kamar tsohuwar ƙofa. Na ɗago ta, ba nauyi ko kaɗan. Na ƙwala wa Yaya kira, yana wanka. Ta riƙe mini riga, na kai kunnena bakinta ina zaton wasiyya za ta yi.

Ta ce, "Ban zubar da ruwan injin ba. Kada ya tsaya, ransa zai ɓaci."

Maganarta ta ƙarshe ke nan a duniya. Allah ya jiƙanki, Inna.

Yaya ya yi kuka, kuka na gaske, har da majina. Masu ta'aziyya suna ta cewa ba su taɓa ganin ɗa mai son uwa irinsa ba, ga magani, ga asibiti. Shi kuma yana cewa kwana ne ya ƙare. Na san kwana yana ƙarewa, ni ma musulma ce. Amma na san wanda ya kai ta ɗakin baya. Ina zaune cikin mata, zuciyata tana tafasa. Ban yi masa Allah ya isa ba, don Inna ba za ta so ba. Na dai ƙudurta cewa sai ya ji a jikinsa.

Bayan mako uku wurin aikinsu suka tura shi kwas na wata biyu a wata ƙasa. Ya kira ni, ya miƙo mini makullin da aka ciro daga bakin zanen Inna.

"Auta, na san ranki a ɓace yake, amma ke kaɗai na yarda da ke. Antinki mantuwa gare ta. Safe da yamma, kamar yadda Inna take yi. Ki riƙa duba agogo."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce, "Kamar yadda aka yi wa Inna, haka zan yi musu." Ya ce Allah ya yi mini albarka.

Washegarin tafiyarsa ban buɗe shago ba. Na buɗe kabad, na zaro farantin farko, na ɗauke shi a kan hannuwana na bi ta kicin na kai ɗakin baya. Na dawo na ɗauki na biyu. Na jera su a kan katakon gadon Inna, waɗanda suka rage na jera a ƙasa a gindin bangon banɗaki. Da na zo kan mai lamba ɗari biyu da goma sha huɗu na tsaya. Na ɗauke shi na duba fuskar sarkin. Shekara dubu biyu ya yi yana tsallake yaƙi da gobara, bai yi mini laifin komai ba. Wallahi na ji tausayinsa, har na yi kamar in mayar. Sai idona ya faɗa kan filon Inna, da baƙin tabon fumfuna a inda kanta yake kwanciya. Na mai da sarki raminsa, na ɗora farantin a kan filon.

Anti ta fito ta gan ni da faranti na ashirin. Ta dafe ƙirji.

"Auta! Me kike yi haka?"

"Canjin ɗaki. Za ki kira shi ne?"

Ta dubi farantin, ta dubi ƙofar ɗakin baya, ta daɗe. Sannan ta ce, "Ni ba na shiga tsakanin wa da ƙanwa." Ta koma ɗakinta ta rufe.

Ban zuba musu ko ɗigon ruwa ba, ban barbaɗa musu komai ba. Abin da ɗakin ya ba Inna shi na bari ya ba su. Littattafan kuwa ban taɓa su ba, na bar su a busasshen ɗaki, don ina son hotunan su zauna garau. Inji yana ta aikinsa, safe da yamma ina zubar da ruwa kamar yadda na yi alkawari. Duk bayan kwana biyu Yaya zai kira.

"Auta, ya ɗaki?"

"Ɗaki lafiya lau."

"Agogo nawa?"

"Talatin da takwas."

"Madalla."

Ban yi masa ƙarya ko sau ɗaya ba. Daga bakin ƙofa ya saba tambaya, daga bakin ƙofa na ba shi amsa.

Makon farko ba abin da ya faru, har na fara jin haushi. A na biyu 'yan takardun suka yi laushi, tawadar ta bazu. A na uku karammiskin da na yanka da hannuna ya fitar da farin gashi. A na huɗu na ga ɗigon kore na farko, sai na biyu, sai suka fito kamar ƙyanda. Kullum in na zubar da ruwan inji sai in tsaya a bakin ƙofar ɗakin baya in ce, "An tashi lafiya? An sha magani?" In ja ƙofa in tafi shago. Allah ya yafe mini, amma ina jin daɗin faɗar haka.

Ya dawo wata Asabar da hantsi. Ko takalmi bai cire ba ya karɓi makulli ya nufi ɗakin. Na ji ƙarar buɗe kabad, sai ihu.

"Ɓarayi! Auta, an yi mini sata!"

"Ba wanda ya saci komai. Na canza musu ɗaki ne. Na ɗan lokaci."

Ya dube ni kamar bai gane yaren ba. Sai ya gane. Ya ruga ta kicin, ya banke ƙofar ɗakin baya, ya faɗa ciki. Warin ya buge shi har ya toshe hanci da hannun riga. Ranar ce ya fara shaƙar iskar ɗakin nan. Na dubi agogon bangon kicin.

Bai tsaya zagina ba. Ya sunkuci faranti biyu-biyu yana gudu da su zuwa busasshen ɗaki, yana haki, yana tuntuɓe, gwiwar wandonsa ta yi baƙi. Ba safar hannu, ba a hankali. Bai ce a jira mai gyaran famfo ba, bai ce a jira farfesa ba. Da ya ajiye na ƙarshe na sake duban agogo.

Na same shi durƙushe a ƙasa, ya buɗe littafi, ya ɗora mai lamba ɗari biyu da goma sha huɗu a gefen hotonsa, gilashi a hannunsa. Ya hura koren garin. Haɓar sarkin ta bi iska. Inda tsagar take sai rami, hanci ya zama gurbi. A shafin littafi kuwa ga sarki nan da haɓarsa da tsagarsa, yana kallon gefe abinsa.

"Ba shi ba ne," in ji shi, da wata ƙaramar murya. "Ba wanda zai yarda shi ne." Ya ɗago, hawaye har gemu. "Kin san abin da kika kashe? A wannan ɗakin? Ko kare ba a..."

"Ƙarasa mana, Yaya. Ai ɗaki ɗaki ne. Akwai ma taga."

"Auta..."

"Hasken ne ba kyau. Kuma tsufa ne, shekara dubu biyu, kowa zai je."

Ya miƙe kamar zai mare ni. Ban matsa ba. Na ciro hotunan Inna guda biyu daga jakata, na bara da na ƙarshe, wanda na kai aka wanke mini. Na ɗora su a kan buɗaɗɗen littafin, gefe da gefe, na ajiye masa gilashinsa a kai. Wannan karon ya duba. Ya daɗe yana dubawa.

Na ce, "Na duba agogo lokacin da kake kwashe su. Minti goma sha ɗaya, faranti ashirin da huɗu. Inna a ƙarshe ba ta kai nauyin guda huɗu ba, ni na ɗaga ta, na sani. Tafiya ɗaya ta ishe ka."

Ya zame ya zauna a ƙasa. Na zaro robar inji, ta cika, na kai na zubar, na mayar, don Inna ta ce kada a bari ya tsaya. Na ajiye masa makullinsa a kan kabad na fita.

Dangi sun yi taro a kaina. Kawunmu ya ce na yi ɓarna, na lalata abin tarihi, na ci amanar ɗan'uwana. Na ce duk na yi. Na tambaye shi ina taron yake lokacin da ƙanwarsa take tari a bayan kicin, ya ce ba shi da labari. Yaya ba ya yi mini magana har yau. Anti ce ta gaya mini ya kira mai gyaran famfo a makon nan, aka fasa bango, aka canza bututun. Ta ce aikin bai kai awa biyu ba.